Tafiya tamu, alƙalami na wasu: Sana'ar nazarin ƙaura da gurbin da muka bari

Kwanakin baya, bayan an tashi daga wani taron ƙara wa juna sani a wata jami'a, wata ɗaliba da ke shekarar ƙarshe a sashen nazarin labarin ƙasa ta tare ni a bakin zaure. Bayan gaisuwa ta ce, "Malam, idan na gama, wane aiki zan yi da wannan karatu ban da koyarwa?" Na tambaye ta ko ta taɓa tunanin nazarin ƙaura. Ta yi murmushi ta ce, "Ai Malam, aikin shige da fice sai mai uwa a gindin murhu." A ganinta, duk abin da ya shafi ƙaura ya ƙare ne a kan jami'i mai kaki da ke buga wa fasfo hatimi a filin jirgi. Ban ga laifinta ba, domin haka mafi yawanmu muka ɗauka. Amsar da ban samu sukunin ba ta a tsaye ba ita ce zan shimfiɗa a wannan fili a makon nan, saboda ina jin akwai ɗalibai da yawa irinta, kuma abin da muke asara saboda rashinsu a wannan fage ya fi ƙarfin albashi.

Bari mu fara da Agadas, domin a can ne za a fi ganin abin da takarda ke iya yi wa gari. Shekaru da dama tattalin arzikin wannan birni ya dogara ga matafiya masu nufin Libiya da Aljeriya. Duk ranar Litinin ayarin motoci kan tashi zuwa Dirku da rakiyar soja, kuma direba da mai masauki da mai sayar da jarkar ruwa da ɗan canji da bakanike kowa yana samun na tuwo. A watan Mayun 2015 Nijar ta kafa doka mai lamba 2015-36 wadda ta haramta jigilar baƙin haure, ta kuma tanadi ɗaurin shekara 5 zuwa 10 ga wanda aka kama. A watan Nuwamban wannan shekara shugabannin Turai da na Afirka suka yi taro a Valletta, babban birnin Malta, inda Tarayyar Turai ta kafa asusun gaggawa don rage kwararar mutane zuwa ƙasashenta. Daga 2016 aka fara aiki da dokar gadan-gadan: aka kama direbobi, aka ƙwace motoci, sana'ar da jiya ake yi a bainar jama'a ta wayi gari laifi.

Abin da ya biyo baya, masu bincike na Nijar da na waje sun rubuta shi dalla-dalla. Tafiya ba ta tsaya ba, hanya ce ta sauya. Direbobi suka riƙa kauce wa rijiyoyin da aka sani saboda jami'an tsaro na tsare da su, kuɗin mota ya hau, kuma wanda ya hango sintiri yakan zubar da fasinjojinsa a tsakiyar rairayi ya tsere. Tallafin da aka yi wa tsofaffin masu sana'ar alƙawari don su sauya sana'a bai kai ga mafi yawansu ba. Ga kuma tambayar da lauyoyi suka yi ta yi: ta yaya za a hana ɗan Ghana ko ɗan Najeriya tafiya daga Agadas zuwa Dirku, alhali yana cikin ƙasar Nijar, kuma yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba shi damar shiga kowace ƙasa ta ƙungiyar ya zauna kwana 90 ba tare da biza ba? A watan Nuwamban 2023 gwamnatin soja ta Janar Abdourahamane Tiani ta soke dokar.

Ba ina neman yanke hukunci a kan kafa dokar ko soke ta ba ne. Abin lura shi ne, kafin doka irin wannan ta isa majalisa, akwai mutanen da suka ƙirga matafiya, akwai waɗanda suka rubuta rahoto suka fassara alƙaluman, akwai waɗanda suka tsara daftari, akwai kuma waɗanda aka biya daga baya su auna ko ta yi amfani. Duk waɗannan ma'aikata ne masu sana'a, suna da horo, suna da matakan girma, suna da mujallu da tarukansu. Hannunsu ba ya taɓa sitiyari, amma abin da suka rubuta shi ke yanke wace hanya mota za ta bi.

Mu masu tafiya ne tun asali

Babu al'ummar da ya kamata ta fi mu damuwa da wannan fage, domin Bahaushe matafiyi ne tun fil azal. Fatake sun bi hanyar Gwanja suna sayo goro, har zangon da suka yada ya zama unguwanni a Salaga da Kumasi da Accra. Alhazai sun taka da ƙafa ta Borno da Wadai da Darfur zuwa gaɓar Bahar Maliya, wasu suka shekara goma a hanya, wasu suka zauna a Sudan har jikoki. Bayan yaƙin Burmi na 1903, inda Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya ya yi shahada, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja jama'a zuwa gabas, kuma garin da suka kafa a bakin kogin Nilu yana nan da sunansa. Ci-rani kuwa har kalma muka ƙirƙira masa, wadda ta bambanta shi da ƙaura, ta bambanta shi da hijira, ta bambanta shi da yawon duniya.

To amma wa ya rubuta wannan tarihi? A farkon shekarun 1950 wani Bature masanin labarin ƙasa, Mansell Prothero, ya nazarci 'yan ci-ranin Lardin Sakkwato, inda aka ƙirga masu fita a mashigai da hanyoyi lokacin rani. Jean Rouch, Bafaranshe, ya bi 'yan Nijar masu zuwa neman kuɗi a ƙasar da ake kira Ghana a yau. Abner Cohen ya zauna a Sabon Ibadan ya fitar da littafinsa a 1969 a kan Hausawan can da cinikin shanu da goro. Enid Schildkrout ta rubuta a kan Zangon Kumasi a 1978, Paul Lovejoy kuma a kan fataken goro a 1980. Ayyuka ne masu daraja, kuma ba za a raina su ba. A namu ɓangaren muna da abin tinƙaho, irin littafin marigayi Farfesa Mahdi Adamu na 1978, The Hausa Factor in West African History, da ayyukan Farfesa Aderanti Adepoju, wanda ya shafe shekaru aru-aru yana nazarin ƙaura a Afirka, da na Farfesa Harouna Mounkaila na Jami'ar Abdou Moumouni da ke Yamai. Sai dai idan aka auna yawan tafiyarmu da yawan masu nazarinta a cikinmu, za a ga kaya sun fi ƙarfin jaki.

Mene ne aikin, kuma su wa ke yin sa?

Matakin farko shi ne na masu tattara bayanai. Hukumar Kula da Ƙaura ta Duniya, IOM, wadda aka kafa a 1951 ta kuma shiga tsarin Majalisar Ɗinkin Duniya a 2016, tana da ma'aikata da ke tsayawa a tashoshi da mashigai suna ƙirga masu wucewa, suna tambayarsu inda suka fito da inda suka nufa. A Nijar an fara wannan a garuruwan Arlit da Seguedine a 2016. A arewa maso gabashin Najeriya irin waɗannan ma'aikata ne ke zagaya sansanoni da unguwanni tun 2014 suna ƙidayar waɗanda rikicin Boko Haram ya raba da gidajensu, kuma daga gare su ne duniya ta san cewa adadin ya haura miliyan biyu. Da wannan adadi ake yanke buhun hatsi nawa za a kai Monguno, rijiya nawa za a haƙa a Pulka. Mai ƙidaya ya yi kuskure, wani yaro ya kwana da yunwa.

Aikin ba shi da sauƙi kamar yadda ake zato. Akwai bambanci tsakanin yawan baƙin da ke zaune a wata ƙasa a rana guda da yawan waɗanda suka ƙetara iyaka cikin shekara, kuma ɗan jarida ko ɗan siyasar da ya cakuɗa biyun zai iya tayar da hankalin ƙasa a banza. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta cewa a 2020 mutum miliyan 281 ne ke zaune a wata ƙasa da ba a cikinta aka haife su ba, wato kashi 3.6 cikin 100 na mutanen duniya. To amma ma'aunin da aka saba amfani da shi yana ɗaukar mutum a matsayin wanda ya yi ƙaura ta dindindin ne idan ya shekara a waje. Ina za a sa ɗan Maraɗi da ke shigowa Kano bayan girbi yana ga-ruwa, ya koma gida da faɗuwar ruwan farko? Ina za a sa Bafulatanin da shanunsa ke damina a wata ƙasa, su yi rani a wata? Ina za a sa matar da gidan mijinta ke Jibiya, gonar ubanta ke Ɗan Isa? Ma'aunin da aka ƙera a wata nahiya ba ya kama irin tafiyarmu, sai an samu wanda ya san ta ya gyara shi. A tuna kuma cewa rabon Najeriya da ƙidayar jama'a tun 2006, don haka yawancin abin da ake faɗa a kanmu ƙiyasi ne a kan ƙiyasi.

Mataki na biyu shi ne na manazarta a jami'o'i da cibiyoyin bincike. Su ne ke neman dalili, ba adadi kawai ba. Fagen ya tsufa, domin tun 1885 Ernst Ravenstein ya gabatar da abin da ya kira dokokin ƙaura a Ingila. A yau akwai Cibiyar Nazarin 'Yan Gudun Hijira ta Jami'ar Oxford, wadda Barbara Harrell-Bond ta kafa a 1982, akwai Cibiyar Nazarin Ƙaura ta Jami'ar Ghana da ke Legon, wadda aka buɗe a 2006, akwai makamantansu a Jami'ar Witwatersrand ta Afirka ta Kudu da Jami'ar Amurka da ke Alƙahira. A Yamai akwai cibiyar LASDEL mai binciken zamantakewa. Ɗaya daga cikin abubuwan da masu wannan aiki suka gano, wanda ya saɓa wa zaton mutane, shi ne ba mafi talauci ne ke tafiya nesa ba, domin tafiya tana cin kuɗi. Wanda ba shi da ko sisi iyakarsa birni mafi kusa. Haka kuma sun nuna cewa mafi yawan 'yan Afirka ta Yamma da suka bar ƙasashensu suna cikin yankin ne, a Abidjan da Legas da Accra, ba a Turai ba.

Mataki na uku shi ne na masu tsara manufa. Su ne ke zaune a ma'aikatu da hukumomi da ƙungiyoyin ƙasa da ƙasa suna mayar da bincike ya zama daftarin doka ko yarjejeniya. A Najeriya an amince da Manufar Ƙasa kan Ƙaura a 2015, a shekarar da aka sabunta dokar shige da fice wadda ta maye gurbin ta 1963. Akwai hukumar kula da 'yan gudun hijira da baƙi da waɗanda aka raba da muhallansu, akwai hukumar kula da 'yan Najeriya mazauna ƙetare, akwai sashen ƙwadagon ƙetare a ma'aikatar ƙwadago. Tarayyar Afirka ta buɗe cibiyar sa ido kan ƙaura a Rabat a 2020. A watan Disamban 2018 ƙasashen duniya suka amince da yarjejeniyar ƙaura a Marrakesh, bayan watanni ana ja-in-ja a kan kalmomi. Duk wakilin da ya shiga irin wannan zaure ba tare da ƙwararru a bayansa ba, sa hannu kawai zai yi a kan abin da wasu suka dafa.

Mataki na huɗu shi ne na masana shari'a. Yarjejeniyar 'yan gudun hijira ta 1951 ta ba da mafaka ga wanda ke tsoron tsangwama saboda launin fata ko addini ko ƙasa ko ra'ayin siyasa ko kasancewa cikin wani rukunin jama'a, ta kuma hana a mayar da shi inda ransa ke cikin haɗari. Yarjejeniyar Afirka ta 1969 ta faɗaɗa wannan ta haɗa da wanda yaƙi ko rugujewar zaman lafiya ya kora, sannan ta Kampala ta 2009 ta yi tanadi ga wanda aka kora amma bai ƙetare iyaka ba. Akwai jami'an da aikinsu shi ne su zauna da mai neman mafaka sa'o'i suna sauraron labarinsa, su rubuta ko ya cancanta. A tsakaninsu akwai tafinta. Idan mace ta ce "an ci mini mutunci", tafintan da bai san nauyin wannan magana a bakin Bahaushiya ba zai iya fassara ta da zagi kawai, alhali abin da take nufi ya fi haka muni, kuma a kan wannan fassara za a yanke makomarta.

Ko a cikin gida mun ga amfanin lauya a wannan fage. A watan Janairun 1980 gwamnatin tarayya ta kori Alhaji Shugaba Abdurrahman Darman, shugaban masu rinjaye a majalisar dokokin Jihar Borno, zuwa Chadi bisa da'awar cewa ba ɗan Najeriya ba ne. Kotu ce ta dawo masa da haƙƙinsa, kuma har yau ɗaliban shari'a na karanta hukuncin. Duk wanda aka haifa kusa da iyaka, ko kakansa ya zo daga ƙetare, yana da rabo a wannan shari'a ko bai sani ba.

Mataki na biyar shi ne na jami'an aiwatarwa, wato waɗanda ɗalibar nan ta sani: Hukumar Shige da Fice, wadda aka cire daga rundunar 'yan sanda a 1958, da hukumar NAPTIP mai yaƙi da fataucin mutane, wadda aka kafa a 2003. A nan ma ilimi ne jari. Dokar duniya, tun yarjejeniyoyin Palermo na 2000, ta raba abu biyu da mu a Hausa muke yawan haɗa su a kalmar "safara". Na farko shi ne tsallakar da mutum iyaka da yardarsa don ya biya kuɗi, wanda laifi ne ga ƙasa. Na biyu shi ne yaudarar mutum ko tilasta masa don a ci da guminsa, wanda laifi ne ga mutumin kansa, ko da ba a ƙetare iyaka ba. Jami'in da bai rarrabe su ba zai kulle yarinyar da aka yaudara da sunan aikatau a Saudiyya, ya bar wanda ya karɓe mata fasfo yana yawo.

Akwai kuma masana tattalin arziki. Bankin Duniya na ƙiyasta cewa kuɗin da 'yan Najeriya mazauna waje ke aikowa gida yana kusan dala biliyan 20 a shekara. Ƙudurorin ci gaba na Majalisar Ɗinkin Duniya suna son ladan aika kuɗi ya sauko ƙasa da kashi 3 cikin 100 kafin 2030, alhali aikawa zuwa ƙasashen Afirka kudu da Sahara ya fi na ko'ina tsada. Amma wannan lissafi na kuɗin da ya bi ta banki ne. Wanda aka damƙa wa direban Agadas, ko aka biya a Jidda aka karɓa a Wapa cikin sa'a guda bisa amana, ba ya cikin littafin kowa. Wanda zai iya auna wannan sai wanda 'yan canji za su yarda su buɗe masa baki.

Abin da ya faru da matan Kance

Idan mai karatu na ganin duk wannan zancen ofis ne, to ya tuna da watan Oktoban 2013. A farkon watan jirgin ruwa ya nutse kusa da tsibirin Lampedusa na Italiya, mutum fiye da 360 suka halaka, duniya ta girgiza, kuma daga nan ne IOM ta fara shirin ƙirga waɗanda ke mutuwa a hanyoyin ƙaura a 2014. A ƙarshen wannan wata aka tsinci gawa 92 a hamadar arewacin Nijar kusa da iyakar Aljeriya, bayan motocinsu sun lalace ƙishirwa ta kashe su. Mafi yawansu mata ne da ƙananan yara, kuma da dama daga yankin Kance suka fito, a jihar Damagaram, kan hanyar da ta nufi Daura. Ba Turai suka nufa ba. Aljeriya za su, inda matan yankin suka saba zuwa aikatau da bara.

Waɗannan Hausawa ne, 'yan uwanmu na jini. Me ya sa mata ne ke tafiya daga wannan yanki, ba maza kaɗai ba? Mene ne alaƙar abin da ƙarancin gona, da yawan jama'a, da nauyin biki da na ciyar da gida? Wa ke ba da yaro aro, kuma me ake biyansa? Masu bincike na Nijar sun yi aiki a kan waɗannan tambayoyi, kuma amsoshinsu ba su samuwa ga wanda ya sauka daga jirgi da takardar tambayoyi da tafinta, ya kwana uku ya koma. Suna samuwa ne ga wadda za ta zauna a tsakar gida, a ci tuwo da ita, a saba da ita har a daina yi mata kallon baƙuwa. Tun daga 2014 Aljeriya ke mayar da 'yan Nijar gida a manyan motoci, sauran 'yan Afirka kuwa akan sauke su a hamada su taka kimanin kilomita 15 zuwa Assamaka. Idan ba a fahimci abin da ya fitar da mace daga ɗakinta ba, za a dawo da ita yau, ta sake kama hanya bayan salla.

Tarihi ya nuna mana kuma abin da ke faruwa idan aka yanke hukunci da fushi ba da ilimi ba. A 1969 gwamnatin Kofi Busia ta Ghana ta ba baƙin da ba su da takardu mako biyu su fice, kuma Hausawa da Yarabawa da dama da aka haifa a can suka rasa dukiyarsu. A 1983 gwamnatin Shagari ta yi irin wannan, sama da mutum miliyan ɗaya suka fita, har jakar da suka zuba kaya ta samu sunan da ake kiranta da shi har yau. Daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020 Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa, bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 aka sake rufewa, kuma mutanen Illela da Ƙonni da Maigatari da Kongolam sun san abin da suka ɗanɗana. Yanzu da Nijar da Mali da Burkina Faso suka kammala ficewa daga ECOWAS a Janairun 2025, dole a sake zama a tsara yadda mutane da dabbobi da kaya za su riƙa ƙetara iyakar da ta kai kimanin kilomita 1,500. Wa zai zauna a wannan tebur da sanin kasuwar Jibiya a kansa?

Ƙayar da ke cikin sana'ar

Ba zan ɓoye wa ɗalibai cewa hanyar tana da ƙaya ba. Yawancin kuɗin binciken ƙaura a yankinmu daga Turai yake zuwa, kuma mai kuɗi shi ke zaɓar tambaya. Tambayarsa kuwa sananniya ce: yaya za a rage masu isowa gaɓar Bahar Rum? Tambayoyinmu daban suke: makomar almajirin da ke yawo tsakanin jihohi, da 'yan Zamfara da Sakkwato da Katsina da 'yan bindiga suka kora zuwa jihar Maraɗi tun 2019, da waɗanda aka mayar garuruwansu bayan gwamnatin Borno ta fara rufe sansanonin Maiduguri a 2021, da likitoci da ma'aikatan jinya da ke barin asibitocinmu. Sau da yawa ɗan ƙasa shi ke shan rana yana tattara bayanai, sunan wani ya hau kan rahoto. Aikin ƙungiyoyi kuma na kwantiragi ne, wata shida ko shekara, kuma a 2025, da Amurka ta zaftare tallafin da take bayarwa, IOM da hukumar 'yan gudun hijira ta UNHCR sun sallami dubban ma'aikata.

Akwai kuma nauyin amana. Wanda ya gaya maka ta inda ya bi ya tsallaka, ko nawa ya biya, ko abin da aka yi mata a gidan da aka tsare su a Sabha, ya ba ka abin da zai iya kai shi kurkuku ko ya zubar masa da mutunci a garinsu. Taswirar da ka zana don a kai wa matafiya ruwa, wani zai iya amfani da ita ya tare su. Mai wannan sana'a dole ya san abin da zai rubuta da abin da zai binne a cikinsa, ya nemi izinin mutum kafin ya ɗauki maganarsa, ya kuma iya ce wa mai ba da kuɗi a'a idan aka nemi ya lanƙwasa sakamako.

Ga mai son shiga

Ƙofofin suna da yawa: labarin ƙasa, nazarin zamantakewa, ilimin ƙidayar jama'a, tattalin arziki, shari'a, tarihi, kimiyyar siyasa, har da kiwon lafiya, domin Prothero da na ambata ya koma nazarin yadda tafiye-tafiye ke yaɗa zazzaɓin cizon sauro. Abin da ke bambanta mai samun aiki da mai jira shi ne ƙwarewa uku. Ta farko harshe: Hausa jari ce babba daga Agadas har Sabha da Tamanrasset, amma a ƙara mata Faransanci, domin rabin abin da aka rubuta a kan yankinmu da shi aka rubuta, sannan Larabci, da Fulatanci ko Barbarci ga mai iko. Ta biyu lissafi: sarrafa alƙaluma a kwamfuta da zana taswira. Ta uku rubutu: iya taƙaita binciken wata shida a shafi biyu da babban sakatare zai karanta kafin ya shiga taro.

Kada a jira sai an samu gurbin karatu a Ingila. Kundin kammala digiri da ake kwafowa daga na bara, a mayar da shi bincike na gaske. A je tashar mota a ƙauyenku bayan girbi a ƙirga masu fita na mako huɗu. A zauna da sarkin zango ko sarkin Hausawa a wani gari na kudu. A tambayi tsofaffin da suka je Makka a ƙasa kafin su ƙare, domin kowace shekara ana binne littattafai da ba a rubuta ba. A leƙa Gidan Adana Tarihi na Ƙasa da ke Kaduna da Gidan Arewa, inda rahotannin lardi ke jibge suna jiran mai karatu.

Ga hukumomin jami'o'inmu na Kano da Zariya da Sakkwato da Katsina da Maiduguri, da takwarorinsu na Yamai da Maraɗi da Damagaram da Tawa da Agadas, lokaci ya yi da za a haɗa hannu a kafa cibiyoyin nazarin ƙaura masu ƙarfi, a riƙa musayar ɗalibai da malamai, domin hanya ɗaya ce ake nazari daga bakinta biyu. Gwamnatocin jihohin kan iyaka su ware kuɗin bincike nasu, ko yaya yake, don su ma su samu damar yin tambaya. Attajiranmu da kakanninsu suka yi arziki da fatauci, ɗaukar nauyin kujerar farfesa guda a wannan fanni ba zai gagare su ba.

Ita kuwa ɗalibar da ta yi mini tambaya, na ce mata ta fara da gidansu: ta rubuta sunan duk wanda ya taɓa barin gari a zuriyarsu tun daga kakan kakanta, inda ya je, abin da ya kai shi, da ko ya dawo. Bayan mako biyu ta aiko mini da saƙo cewa ta cika shafi tara, ta gano tana da dangi a Kumasi da Wad Madani, kuma kakarta ta ce ba a ma fara ba. Allah Ya yi mata jagora, Ya kai matafiyanmu gida lafiya. Sai mako mai zuwa, idan Mai Duka Ya kai mu.